Sunan Iya

Litinin, 30 ga Satumba, 2002

Yau ma na ga Iya a barcin rana. Tana tsaye a bakin gonar dawarmu ta Gidan Kabo da ƙoƙo a hannu. Ba ta shiga gonar ba, ba ta kuma juya gida ba. Na kira ta, ta dube ni kamar mai jiran mota a bakin hanya. Sai ƙararrawar tashi ta buga.

Tun farkon damina ta rasu, amma ban gaya wa kowa a makarantar nan cewa ina ganinta ba. Kakar mutum ta mutu, ai ba labari ba ne.

An kawo sabuwar ɗaliba ajinmu. Sisiliya Audi. Babanta malamin dabbobi ne, an yi masa canji zuwa Mashi. Tun da Shari'a ta zo dukanmu farin hijabi muke sawa, ba a gane Kirista sai an kira suna, don haka da na ji nata nan take na gane tamu ce. Mun zama tara ke nan a duk makarantar. Kuma Hausarta irin ta wajenmu ce, ta ƙasar Malumfashi, ba irin ta mutanen Daura ba.

Na yi niyyar yi mata sannu da zuwa. Na shirya maganar tun daga aji har ɗakin cin abinci. Ban yi ba.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ita ta fara yi mini magana, a layin famfo. Ta ce, "Ke ce Rifkatu mai waƙa?" Na ce i, ina kallon bokitina. Tana da wushirya, kuma idan tana dariya har kafaɗunta rawa suke.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ban san yadda zan rubuta na yau ba.

Ɗakin koyon ɗinki ake ba mu ran Lahadi mu yi sujada, mu ture kekunan gefe mu jera benci biyu. Ni na je na kira Sisiliya da kaina, ina jin daɗi. Muna shiga sai ta durƙusa da gwiwa ɗaya, a gaban babu komai, sai allo da hoton yadda ake yanka hannun riga. Ta taɓa goshi, ƙirji, kafaɗa da kafaɗa. Da ta zo tashi wani abu ya zamo daga cikin hijabinta ya faɗi a siminti. Carbi, shuɗi, da ƙaramin gicciye a ƙarshensa.

Siniya Tabita, shugabar zumuntarmu, ta ɗaga shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera. Ta ce, "Au, 'yar Fada ce?" Sisiliya ta ce i, Katolika ce, ta miƙa hannu. Siniya ta ce a ɗakin nan Yesu kaɗai ake kira, ba a kiran uwarsa.

Ta zauna har aka tashi. Ni na ba da waƙa. Ta san duk amshin. Wannan ya ba ni mamaki, ban san me ya sa ba. Na ɗauka nasu daban ne.

Talata, 8 ga Oktoba

A gidanmu idan aka ce Katolika ana rage murya ne, kamar idan ana maganar wata cuta. Ƙanen Baba, Baffa Ɗantsoho, ɗan Fada ne. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin sun ci tuwo a kwano ɗaya ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Murjanatu, abokiyar zamana a benci, ta lura na daina tafiya famfo tare da Sisiliya. Ba ta da kunyar tambaya, 'yar cikin garin Daura ce, bakinta kamar reza. Na yi mata bayani a taƙaice, cewa ba cocinmu ɗaya ba.

Ta kwashe da dariya har Malamin Lissafi ya juyo. Da ya juya ta raɗa mini, "Ashe ku ma kuna da Izala da Ɗariƙa? Ku tara rak, a ɗakin tela, kun kasu biyu?" Ta ce babanta da kawunta haka suke, ɗaya ba ya bin ɗaya salla, amma ran suna su ne kan gaba wajen naman kai.

Na ce namu ba haka ba ne, namu maganar ceto ce. Ta ce, "Su ma haka suke cewa."

Duk darasin ina kallon taga. Akwai shaho biyu da ke yawo sama da filin wasa, ba sa kaɗa fiffike, iska ce kawai ke riƙe da su. Na yi ta tunanin ko matattu ma haka suke, a tsaye a kan abin da ba a gani.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Sisiliya ba ta zo ba. Siniya Tabita ta ce gara haka, ta samu damar yi mana koyarwa. Na rubuta abin da na iya riƙewa don na san gaskiya ne, haka Baba ma yake koyarwa a cocinmu na Mai'adua.

Suna sassaƙa gumaka su durƙusa musu, alhali an hana. Suna roƙon Maryamu kamar ita ce mai ceto. Suna faɗa wa Fada zunubansu, mutum ɗan'uwansu, wai shi zai yafe. Suna yi wa jariri baftisma bai san hagu da dama ba. Sun ƙara littattafai a cikin Littafi Mai Tsarki. Maganar Paparoma ta fi musu maganar Allah. Fadansu na shan giya a gaban jama'a. Ta ce ga carbi, ga azumi, ga lulluɓi, ga maimaita addu'a ɗaya sau hamsin, "rabinsu Musulunci, rabinsu Maguzanci, wa ya san inda Yesu yake a ciki?"

Sai ta ce na ƙarshe shi ne mafi muni: suna yi wa matattu addu'a. Wanda ya mutu ya gama, ƙofa ta rufe, sai shari'a.

Alƙalamina ya tsaya a nan. Ban san ana yi ba. Wato na san Musulmi na yi, kullum ina ji. Ban san akwai masu kiran sunan Yesu da ke yi ba.

Da aka tashi Siniya ta riƙe ni. Ta ce tunda ajinmu ɗaya da yarinyar, kuma ni 'yar mai bishara ce, ni aka ɗora wa nauyin jawo ta ga haske. Ni, da ko gaisuwa sai na yi kwana biyu ina shiri.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na je. Na sami Sisiliya tana wanki bayan ɗakin kwana, na tsaya da Littafina a ƙirji kamar sabuwar malama. Ta ce in zan yi wa'azi in kama mata matse zanen gado tukuna. Na kama.

Na ce me ya sa kuke bauta wa gumaka. Ta ce, "Kina da hoton mamarki a akwati?" Na ce i. "Kina sumbatarsa?" Ina kuwa yi. Na ce amma ba na roƙonsa komai. Ta yi ɗan tunani, ta ce to wannan gaskiya ne, kuma akwai tsofaffi a cocinsu da ita ma take ganin sun wuce gona da iri. Ban shirya wa wannan amsar ba. Na shirya wa gardama.

Na ce Maryamu fa? Ta ce idan tana son abu wurin babanta, ta wajen mamarta take bi, ni fa? Na ce Yesu ba ya bukatar a bi ta wajen kowa. Ta ce, "To ke bi kai tsaye, mai ƙarfin hali. Ni matsoraciya ce." Tana dariya tana faɗa.

Ban ci nasara ba, ita ma ba ta ci ba. Har yanzu ina ganin maganar gumakan ba daidai ba ce. Amma zanen ya matsu sosai.

Abin da na je tambaya da gaske, ban tambaya ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Iya kuma. Wuri ɗaya, ƙoƙo ɗaya. Dawar ta nuna har ta sunkuya.

Asabar, 19 ga Oktoba

Yau babu aji, bari in rubuta abin da nake ta kewayewa.

Iya ba ta karɓi Yesu ba. A kan hanyar kakanni ta mutu. Kafin a haife ni Baba ya tuba, ya dawo gida ya fasa tukunyar da ke gindin tsamiya, wadda ake zuba wa iskokin gida, ya tara layu da guraye ya ƙone a tsakar gida tana kallo. Mama ta ce Iya ba ta yi kuka ba, ta share tokar ne kawai. Daga baya ta samo wata ƙaramar tukunya ta ɓoye bayan rumbu. Kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba.

Duk hutu a wurinta nake yi. Ita ke kirana Auta, ko "kishiyata" idan tana son tsokana. Idan Baba ya zo ya fara mata wa'azi sai ta ci gaba da kaɗa audugarta, ta ce, "Tsohuwa ba ta sake ɗaki." Amma duk Lahadin da za ni ba da waƙa a cocin ƙauye, sai ta ɗauki tabarma ta zauna a inuwar bangon coci daga waje. Ba ta taɓa shiga ba. Ta taga nake hango ɗankwalinta yana kaɗawa.

Da ciwo ya yi tsanani ina wurin. Ta ce, "Auta, yi mini waƙar makiyayin nan." Na yi. Leɓenta na motsi. Ko waƙar take bi, ko numfashi take nema, ban sani ba. Ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Bayan an binne ta na tambayi Baba ko zan iya roƙa mata Allah. Bai yi faɗa ba. Ya ce a hankali, "Auta, lokacin roƙo ya wuce. Yanzu masu rai za mu roƙa wa." Idanunsa sun yi ja kamar garwashi. Tun ranar, idan na durƙusa ina jera mutanen gida, Baba, Mama, yayyena, sai in zo daidai wurinta in tsallake, kamar mai tsallake rami a hanya.

Talata, 22 ga Oktoba

Na tambayi Sisiliya. Muna tsince tsakuwa a shinkafar kicin, aikin ajinmu ne wannan makon, kanmu a sunkuye, shi ya sa na iya.

Ta ce i, suna yi wa matattu addu'a. Ta ce watan gobe ma gaba ɗaya na matattu ne, kuma ran biyu ga wata Fada zai zo daga Katsina ya yi Misa a ƙaramin cocinsu na bayan gari, babanta ya riga ya nema mata izinin fita. Akwai wurin da katikis, mai taimaka wa Fada, zai ce kowa ya kira nasa, sai mutane su riƙa kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa.

Na ce to idan wanda ya mutu bai yi baftisma ba fa? Idan ma bai taɓa shiga coci ba?

Ta daina tsincewa. Ta ce kakanta ma haka ya mutu, da ƙahon tsafinsa a ƙarƙashin gado. Mamarta ta ce babu wanda ya san abin da ya wuce tsakanin mutum da Allah a numfashin ƙarshe, don haka su dai suna roƙo, sauran na Mai shi ne. "Roƙo ai ba umarni ba ne," in ji ta.

Sai na ba ta labarin Iya. Duka, har da tabarmar. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka da wani ba a makarantar nan. Hawayena na ɗiga a shinkafar mutane.

Ta ce, "Ba ni sunanta, in kira miki."

Na buɗe baki. Na ce Iya.

Ta ce, "Rifkatu, rabin matattun ƙasar Hausa Iya ne. Sunanta na yanka." Ta ce ko kuma ta ce kakar Rifkatu Mainasara, Allah ai ya san ta. Na ce a'a! Akwai 'yan kwastan na Mai'adua da ke zuwa cocin nan, kafin yamma Baba ya ji an kira sunansa a gaban gumaka.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ban san sunan Iya ba.

Na kwana a bayanta, na ci daga hannunta, na san tabon da ke ƙafarta ta hagu da yadda ta same shi, amma ban san sunanta ba. Duk ƙauye Iya suke cewa. Sa'anninta da za su kira ta da suna sun riga ta tafiya. Mama suruka ce, ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba. Baba kuwa, ita ba ta taɓa kiran sunansa ba don ɗan fari ne, "wancan" take cewa, shi ma bai taɓa kiran nata ba don uwa ce. Haka suka yi zamansu har suka rabu.

Na tambayi Murjanatu ko ta san na kakarta. Ta ce sosai ma, ai sunan aka sa wa yayarta, shi ya sa ake ce mata Maijidda don kada a riƙa kiran tsohuwa gatsau. Mu kuwa duk sunayen Littafi aka sa mana. Babu wanda aka mayar wa na Iya.

A darasin Labarin Ƙasa na yi ta gwada mata sunaye a zuci, kamar mai gwada wa 'yar tsana riga. Kande. Dela. Gwamma. Babu wanda ya zauna mata.

Na san Allah ba ya bukatar suna. Ni ce nake bukata. Ina so sau ɗaya a kira ta a cikin ɗakin addu'a, daga ciki, ba daga bayan bango ba.

Asabar ranar ziyara ce. Baba zai zo.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Ba zan tambaye shi ba. Zunubi ne ma, wataƙila.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ya zo a kan babur ɗinsa, da kwat ɗin nan mai ruwan ƙasa duk da zafi. Mama ta aiko da garin kwaki, ƙuli-ƙuli da yaji. Muka zauna a gindin dogon yaro kusa da ƙofar makaranta, iyaye ko'ina da tabarmi da kuloli. Ya tambayi karatu, ya tambayi zumunta. Ya ce an rufe gidan burkutun da ke bayan tasha, "abin da muka yi shekaru muna wa'azi a kai, Shari'a ta yi shi a wata ɗaya," ya yi 'yar dariya. Yana ɓare mini gyaɗa yana zuba mini a tafi kamar ina 'yar firamare.

Ban san lokacin da ya fito ba. Na ce, Baba, mene ne sunan Iya?

Hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Wa ke nema?"

Ba na iya yi masa ƙarya. Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa, Sisiliya, Misa, kiran sunaye. Na jira tsawa.

Bai yi tsawa ba. Ya yi magana mai tsawo, yana kallon hanya, ba zan iya kawo ta duka ba. Ba irin ta Siniya Tabita ba ce, ko sau ɗaya bai ambaci gumaka ba.

Ya ce lokacin da ya tuba, shi da samari shida ne a Gidan Kabo. Aka hana su mata, aka hana su gayya a gona, kakana ya yi shekara bai amsa gaisuwarsa ba. Sun bar giya, sun bar bikin girbi, sun bar duk abin da ke sa mutum ya zama ɗan gida. Sai ga Fada ya zo da farar mota, ya haƙa rijiya, ya buɗe aji biyu, ya ce wa mutane su zo yadda suke, a hankali za a gyara. Rabin ƙauye ya bi shi, har da Baffa Ɗantsoho, da tulun giyarsa da komai. "Mu muka ƙone kayanmu muka fito tsirara. Su suka shiga da nasu a ka, aka ce musu sannu da zuwa."

Ya ce ran jana'izar Iya, Baffa ya zo ya ce zai sa a yi mata Misa. A gaban mutane Baba ya ce masa kada ya kuskura.

Na ɗauka ya gama. Wata mai tallan awara ta zo ta wuce. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Shekara ashirin da wani abu ina durƙusa wa tsohuwar nan. Na ɓata mata rai, na hana ta barci, na sa ta kuka a ɓoye, duk don na san in ta mutu shi ke nan. To in ashe ana iya roƙa mata daga baya, Auta, me ya sa na yi mata duk wannan?"

Ina ganin ba ni yake tambaya ba.

Na ce masa leɓenta ya motsa lokacin da nake waƙar. Ban taɓa gaya masa ba. Ya ce, "Ya motsa?" Na ce i. Ya ce, "Me ta ce?" Na ce ban ji ba.

Aka buga ƙararrawar sallamar baƙi. Ya yi mini addu'a kamar kullum, hannunsa a kaina, ya roƙa mini basira da tsarewa daga koyarwar ƙarya. Ya ɗaure kwandon a bayan babur. Ya buga, bai tashi ba, ya sake bugawa ya tashi. Na ce a gaida Mama. Ya sa ƙafa ɗaya a kan feda, bai tafi ba. Bai kuma dube ni ba, madubin babur yake gyarawa.

Ya ce, "Marka. A tsakiyar damina aka haife ta, ana ruwa ba ƙaƙƙautawa."

Ya ce, "Jika ta san sunan kakarta ba laifi ba ne. Abin da za ki yi da shi, ban tambaye ki ba."

Ya ja babur. Na tsaya har ya sha kwanar hanyar Mai'adua. Ina jin wannan ne karo na farko da sunan ya taɓa fita daga bakinsa tun da aka haife shi.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Marka. Marka. Na yi ta juya shi a baki duk yini kamar alewa. Ashe ta taɓa zama jaririya, wani ya ɗaga ta ya sa mata suna, ruwa na dukan jinka. Ashe ta yi 'yanmatanci, ana ƙwala mata kira daga bakin rafi.

Siniya Tabita ta tambaye ni yaya aikin da aka ba ni. Na ce muna magana. Ta ce in yi hankali, mai ceton wanda ruwa ya ci shi ma yakan tafi.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ban ba Sisiliya sunan ba tukuna. Baba bai ce i ba. Bai kuma ce a'a ba, shi da ya ce wa ƙanensa a'a a gaban gari. Na yi ta auna maganarsa ta kowane gefe. Idan zunubi ne, nawa ne ni kaɗai, wataƙila shi ya sa ya ce bai tambaye ni ba. Ko kuwa so yake wani ya yi abin da shi ba zai iya ba.

Sisiliya ba ta sake tayar da maganar ba. Ta ara mini jan biro.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Da safe Sisiliya tana ɗaura takalmi, babanta na jira a ƙofa. Na tsaya a kanta. Ta ɗago. Na sunkuya na faɗa mata a kunne. Ta maimaita sau ɗaya don ta tabbatar, ta gyaɗa kai, ta tafi.

Ban bi ta ba, ba zan taɓa shiga can ba. Na ɗauki tsintsiya na share gaban ɗakin kwananmu, na share na maƙwabta, har Murjanatu ta leƙo ta ce ko an yi mini horo ne. Gari ya yi shiru irin na hantsi. Can nesa wajen Sandamu ana yankan dawa, ina jin muryoyin masu aiki iska na kawowa tana mayarwa.

Bayan azahar ta dawo da ƙura a ƙafa. Ta ce ta kira, bayan na kakanta. Ta ce cocin ya cika har waje, kuma da ta faɗa, duka suka amsa, har da wani tsoho Inyamuri mai sayar da kayan babur da ya fi kowa ɗaga murya. Mutanen da ba su taɓa ganinta ba.

Na ce na gode. Na shiga bayi na daɗe.

Talata, 5 ga Nuwamba

Gobe ko jibi su Murjanatu za su ɗauki azumi, an ce za a rage mana darasin yamma.

Har yanzu ban yarda da gumakan ba, ko maganar Paparoma, ko faɗa wa Fada zunubi. Na rubuta a nan don in riƙa tunawa. Ran Lahadi ma ni na ba da waƙa a ɗakin ɗinki, kuma zan bayar ran Lahadi mai zuwa.

Sisiliya ta ce tunda watan duka nasu ne, kullum bayan la'asar tana zama bayan kicin ta ja carbinta ta kira nata, kuma ta ƙara da tawa. Jiya na je, don wurin akwai inuwa kuma ina da Kimiyya da zan karanta. Yau ma na je. Ita ke addu'arta, ni littafina a buɗe a cinya.

Da muka tashi ta ce wai da ta zo kan Marka ta ji na ce amin.

Ni dai ban ji ba.